An ce in kwantar da hankalina, ni kuwa na kasa

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 28, ina koyarwa a makarantar firamare. Aurena ya shekara biyu da wata huɗu, ban taɓa ko ɓatan wata ba. Al'adata tana zuwa daidai, kwana 29 ko 30. Bara na je wani asibitin kuɗi aka yi min hoto, likita ya ce bai ga komai ba, in je in kwantar da hankalina ciki zai zo. Tun daga nan kowa abin da yake faɗa min ke nan, wai tunani ne ya yi min yawa. Maigidana mutumin kirki ne, amma bai taɓa zuwa gwaji ba, ya ce su a gidansu ba a rashin haihuwa. Hajiyarsa tana aiko min da jiƙe-jiƙe, ƙawata kuma ta sa na sayi Clomid, wata ƙwayar neman ciki, a kemis na sha wata uku. Matar ƙaninsa da aka yi bikinsu bayan namu ta haihu, ranar suna banɗaki na shige na yi kuka. Yanzu ba na barci sosai, ina fara gwada tsinken gwajin ciki tun al'ada da saura, ranar da na ga jini kuwa ko abinci ba na iya ci. Ina tsoron ya ƙara aure. Anti, da gaske damuwata ce ta hana ni samun ciki? Kuma ta yaya zan daina tunani?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya yaye miki, Ya sanyaya miki zuciya.

Zan fara da tambayar da ta fi ci miki rai, domin ina ganin ita ke hana ki barci fiye da jinkirin kansa. Babu wani dalili a cikin abin da kika rubuto da zai sa a ce damuwarki ce ta tare miki ciki. Ki tuna watanninki na farko a gidan miji. Amarya ce ke, hankalinki kwance, ba ƙirga kwana, ba tsinken gwaji, kuma cikin bai zo ba a lokacin. Jinkirin ne ya riga zuwa, damuwar ta biyo bayansa. Yanzu an juya zancen, an ɗora miki laifin abin da ba ke kika jawo ba, sai ga shi kina damuwa da rashin ciki, kina kuma damuwa da cewa kin damu. Wannan na biyun ki sauke shi yau.

Masana sun daɗe suna bin wannan tambayar. A 2011 Jacky Boivin ta Jami'ar Cardiff da abokan aikinta sun tattara bincike 14 da aka yi kan mata sama da 3,500 waɗanda ake yi wa aikin neman haihuwa a asibiti, irin wanda ake haɗa ƙwai da maniyyi a waje sannan a dasa. An auna damuwar kowace mace kafin a fara mata, aka jira sakamako. Waɗanda hankalinsu ya fi tashi ba su kasa sauran samun ciki ba. Akwai kuma wani bincike na 2014 a Amurka da ya bi ma'aurata kusan 500 masu neman ciki a gida, shi ya ga matan da wani sinadari mai nuna damuwa ya fi yawa a yawunsu sun fi jinkiri. Saboda haka ba zan ce miki babu alaƙa ko kaɗan ba. Amma hanyar da aka tabbatar damuwa na bi ta taɓa haihuwa sananniya ce: tashin hankali mai tsanani, ko yunwa, ko rama mai yawa, suna iya sa ƙwaƙwalwa ta dakatar da saƙon da take aikawa don ƙwai ya nuna ya fita. Idan haka ta faru, mace tana gani a al'adarta, ta rikice ko ta ɗauke watanni. Ke kuwa taki tana zuwa kan lokaci kowane wata, wanda galibi alama ce cewa ƙwai yana fita. Kuma ki duba matan da ke sansanonin gudun hijira a Maiduguri, da matan da ke zaune a gidajen da ba a kwana lafiya. Suna ɗaukar ciki, suna haihuwa, ba tare da wani ya fara kwantar musu da hankali ba.

Duk da haka damuwar taki abar kulawa ce, saboda ke, ba don ta zama wata dabarar samun ciki ba. A 1993 Alice Domar da abokan aikinta a Boston sun kwatanta halin zuciyar matan da ke fama da rashin haihuwa da na matan da ke jinyar wasu manyan cututtuka, suka tarar damuwarsu da ƙuncinsu ya kai na masu ciwon daji da masu ciwon zuciya. Na kawo miki wannan ne don ki daina ganin kanki a matsayin mai raki. Abin da kike ji yana da nauyi, kuma a wurinmu, inda ake fara kallon cikin amarya tun kafin lallenta ya goge, nauyin ya fi haka.

Abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki shi ne an tura ki gida ki kwantar da hankali alhali ba a gama bincike ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shekara guda a matsayin iyaka: idan ma'aurata suna tare, ba sa amfani da abin tazarar haihuwa, aka cika wata 12 ba ciki, lokacin bincike ya yi. Idan matar ta kai 35, wata shida ake jira. Cikin ma'aurata 100 da matar ba ta kai 40 ba, sama da 80 suna samu a shekarar farko, kusan rabin sauran kuma a ta biyu. Ku kun wuce shekara biyu, don haka lokacin zaman jira kawai ya ƙare. Kada wannan ya firgita ki. Rahoton hukumar na 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana haɗuwa da wannan matsalar a rayuwarsa, kuma shekarunki 28 babban jari ne a hannunki.

Hoton da aka yi miki yana nuna girman mahaifa, yana nuna ƙari idan akwai, yana nuna yanayin ma'ajiyar ƙwai. Amma ba ya iya tabbatar da cewa hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa a buɗe suke, kuma toshewar waɗannan hanyoyin, wadda ciwon sanyi da bai sami magani daidai ba yake bari, tana cikin manyan dalilan rashin haihuwa a ƙasashenmu. Mace tana iya samunta ba tare da ta taɓa jin wani ciwo ba. Gwajinta daban ne, ana kiransa HSG, ana yinsa ne bayan an gama al'ada da 'yan kwanaki, a zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto. Yana da ɗan ciwon mara irin na al'ada, na gaya miki don kada ki je ba shiri. Akwai gwajin jini da ake yi saura kamar kwana bakwai al'ada ta zo don tabbatar da fitar ƙwai, akwai na sinadarin da ke kawo ruwan nono, wanda idan ya yi yawa yana hana ciki, akwai na sinadarin ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid. Tunda a Zariya kike, sashen likitocin mata na asibitin koyarwa na Shika yana kusa da ke. Ki nemi likita guda, ki riƙe kati guda, ki adana duk sakamako a jaka guda. Yawon asibiti-asibiti, kowa ya faro daga farko, yana cinye kuɗi yana cinye zuciya.

Sai maganar maigida, wadda ita ce rabin zancen. Kusan rabin ma'auratan da ke fama da jinkirin haihuwa, akwai hannun ɓangaren namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da na matar. A ce an shekara biyu ana ta haƙar gona ana zuba taki ba a taɓa duba irin ba, ai ba a yi wa gonar adalci ba. Maganarsa cewa a gidansu ba a rashin haihuwa ba hujja ba ce, domin yawancin abubuwan da ke rage ƙwayoyin haihuwar namiji ba gado ba ne: hangum da ya sauka mara bayan balaga, kumburin jijiyoyin 'ya'yan maraina, ciwon sanyi na tun samartaka, ciwon suga, sigari, Tramadol, allurar ƙarin ƙarfi da wasu ke yi ba da izinin likita ba. Kuma abin da maza da yawa ba su sani ba, ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, yawan ƙwayoyin haihuwa da lafiyarsu daban. Mutum yana iya zama lafiyayye sarai a wancan fannin, maniyyinsa kuma ya kasance da ƙarancin ƙwayoyi. Ido ba ya gani, sai na'ura.

Gwajin nasa shi ne mafi sauƙi da araha a cikin duka. Ba allura, ba yanka. Zai ƙaurace wa kwanciya kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a ɗan kwalba, shi ke nan. Idan sakamakon bai yi kyau ba ma ba a yanke hukunci da guda ɗaya, ana maimaitawa bayan kamar wata uku, saboda ƙwayoyin suna ɗaukar wajen kwana 74 kafin su ƙosa, kuma ko zazzaɓi mai zafi da ya yi a watannin baya yana iya rage su na ɗan lokaci.

Yadda za ki faɗa masa ya fi abin da za ki faɗa muhimmanci. Namijin da ya ce gidansu ba a rashin haihuwa, sau da yawa tsoro ne ke magana a bakinsa, irin tsoron da ke cinki, sai dai shi an hore shi kada ya nuna. Kada ki tayar da zancen ranar da kika ga jini, kada ki tayar da shi bayan Hajiya ta aiko da saƙo, kada kuma ya zama a gaban kowa. Ki zaɓi daren da kuka ci abinci kuna hira, ki ce masa: "Na gaji da zuwa ni kaɗai. Likita ba ya iya ci gaba da duba ni sai da sakamakonmu mu biyu. Ka raka ni, kuma duk abin da aka gani tsakaninmu zai tsaya." Wannan alƙawarin na ƙarshe ki yi shi da gaske, ki kuma nemi ya yi miki irinsa. Idan ya ƙi, kada ki mai da shi faɗa. Ki je ki fara naki, ki roƙi likita ya rubuta masa takardar gwajin da hannunsa. Maza da yawa suna karɓar magana daga likita ko daga wani babba da suke jin nauyinsa wadda ba za su karɓa daga matansu ba.

Clomid ɗin nan ki dakata da shi. Magani ne na gaske, an yi shi ne don macen da ƙwanta ba ya fita. Wadda nata ke fita da kansa ba lallai ya ƙara mata komai ba, yana iya sirantar da shimfiɗar mahaifa, yana iya sa ƙwai da yawa su nuna lokaci guda, shi ya sa likitoci ke bin sa da hoto kuma ba sa so a wuce wata shida ana sha. Yana kuma kawo zafin jiki da saurin fushi da saurin kuka, don haka wataƙila wani ɓangare na ƙuncin watannin nan daga ƙwayar ne. Ki gaya wa likita kin sha, da adadin watannin. Jiƙe-jiƙen Hajiya kuwa, na san ba za ki iya mayar mata ba, kuma da ƙauna take aikowa ko da ƙaunar tana zuwa da matsi. Ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, maigida ya gaya mata cewa kuna ƙarƙashin likita kuma an ce kada a haɗa magani. Daga bakinsa ya kamata ta ji, ba daga naki ba. Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada ki cusa komai a gabanki da sunan buɗe mahaifa, kada kuma ki yarda a yi miki wankin ciki don wai ciki ya shiga. Na farkon yana ƙona fata ya bar tabo, na biyun yana iya manne bangon mahaifa, a je neman gyara a dawo da matsalar da babu ita tun asali. Abu guda da za ki riƙa sha kullum tun yanzu shi ne folik asid, mikrogiram 400, don lafiyar jaririn idan Allah Ya kawo.

To yanzu zancen watan kansa, yadda kike rayuwa a cikinsa. Na san tsarin: kwanakin al'ada baƙin ciki, bayansu ƙirga, sannan sati biyu na sauraren jiki. Nono ya yi nauyi, sai zuciya ta ce ko shi ne. Kasala ta zo, ko shi ne. Ƙanwata, waɗannan alamun ba sa gaya miki komai. Sinadarin da jiki ke fitarwa bayan ƙwai ya fita shi ne ke kawo nauyin nono da kasala da kumburin ciki, ko an sami ciki ko ba a samu ba. Tsinken gwaji kuma ba ya iya ganin komai sai cikin ya maƙale a mahaifa, wanda ke ɗaukar kwana shida zuwa goma sha biyu bayan fitar ƙwai, sannan sinadarinsa ya taru a fitsari. Duk gwajin da kika yi kafin lokaci, kuɗinki kika ba da aka sayar miki da ɓacin ran da bai da tushe. Kada ki ajiye tsinke a gida. Idan al'ada ta wuce ranarta da kwana biyu ko uku, sai a sayo guda ɗaya.

Ƙirgar kwana ma ki sassauta. Maniyyi yana rayuwa har kwana biyar a jikin mace, ƙwai kuma awa 12 zuwa 24 bayan ya fita. Ma'auratan da ke kusantar juna duk bayan kwana biyu ko uku ba za su kuskure lokacin ba, ko da ba su taɓa duba kalanda ba. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin da zarar kwanciya ta koma aiki mai ranar da aka yanka, miji yana fara jin kamar jarrabawa ake yi masa, mata tana fara jin kamar ba ita ake so ba, kuma nan ne aure ke fara yin sanyi ba tare da an yi faɗa ba. Ki bar wasu darare su zama naku kawai.

Kin tambaye ni yadda za ki daina tunani. Ba za ki daina ba, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin korar tunani da ƙarfi ya san dawowa yake yi da ƙarfin da ya fi. Abin da ake iyawa shi ne a yanka masa lokaci. Masu ba da shawara kan lafiyar zuciya suna koyar da wannan dabarar, kuma tana aiki: ki ware minti 20 kullum, a ce bayan la'asar, ki zauna da littafi ki rubuta duk abin da ke cinki, tsoron da tambayoyin da za ki yi wa likita, ki yi kuka idan ya zo. Idan lokacin ya cika ki rufe littafin ki tashi. In tunanin ya zo miki a aji ko tsakar dare, ki ce masa sai bayan la'asar. Kwanakin farko ba zai ji ba. A hankali zai fara ji. Da maigida ma ku yi haka, ku sa wa zancen haihuwa lokaci, kada ya cinye duk hirar gidan.

Barci kuwa, wayar nan ki raba ta da gado. Binciken alamomin ciki da ƙarfe biyun dare da zauren matan WhatsApp inda kowa ke tallar nata maganin ba su taɓa sa kowa barci ba. Shayi mai ƙarfi da kofi da goro su tsaya daga azahar. Ki riƙa taka ƙasa, ko rabin awa ne, zuwa makaranta ko da yamma. Idan kin kwanta zuciya na bugawa, ki ja numfashi a hankali, ki fitar da shi a hankali fiye da yadda kika ja, ki haɗa da tasbihin kwanciya barci. Kada ki sayi ƙwayar barci a kemis.

Ranar da jini ya zo, ki san da zuwanta tun kafin ta zo. Kada ki bari ta same ki ke kaɗai a ɗaki. Ki gaya wa maigida cewa ranar ba shawara kike so ba, ba "ki yi haƙuri" ba, so kike ya dawo da wuri ya zauna kusa da ke. Maza da yawa suna yin shiru ne don ba su san abin da ake so su yi ba.

Bakin mutane shi ne abin da ba ki da iko da shi, amma kina da iko da yawan abin da za ki tsaya ki saurara. "Har yanzu shiru?" "Yaushe za mu zo suna?" "Ko dai tsarin iyali kuke yi, ku 'yan boko?" Ki tanadi amsa guda, gajeriya, ki riƙa maimaita ta da fuska a sake: "Muna jiran rabo, a taya mu da addu'a." Daga nan ki tambayi lafiyar yara ko ki miƙe ki kama wani aiki. Ba wanda ke bin ki bayanin mahaifarki. Suna da barka kuma ba dole ki wuni ba. Na dangi na kusa ki je da safe, ki ɗauki jariri idan zuciyarki ta ba ki, ki ajiye abin barka, ki tafi kafin taron mata ya cika a fara zancen waye saura. Na nesa ki aika. Kukan da kika yi a banɗaki ranar sunan facalarki ba hassada ba ce. Mai hassada so yake ni'imar ta gushe daga wani, ke kuwa taki kike kewa. Mutum yana iya taya wani murna da gaske alhali zuciyarsa na masa ciwo.

Ki nemi mace guda, ba biyar ba, wadda za ki iya buɗe wa cikinki kuma maganar ba za ta zaga dangi ba. Idan wadda ta taɓa bin wannan hanyar ce, ya fi. Suna da yawa fiye da yadda kike tsammani, har cikin waɗanda kike gani da goyo yau.

Zancen ƙarin aure ba zan yi miki alƙawarin abin da ba ya hannuna ba. Amma daga wasiƙarki ban ga inda ya furta ba, tsoron ne ke faɗa miki. Abin da ba a faɗa ba ya fi girma da dare. Ki tambaye shi, cikin natsuwa, ba da sigar tuhuma ba, ki gaya masa abin da ke tsorata ki. Kina da haƙƙin neman abu guda a fili: kada a yanke wata shawara a kan haihuwa kafin ku biyun ku gama gwaji. Wannan shi ma kariya ce gare shi, domin idan matsalar ta ɓangarensa ce, sabon aure ba zai warware ta ba, sai dai ya ƙara yawan masu jira.

Akwai kuma masu ce miki damuwa rashin tawakkali ne. Ban yarda ba. Annabi Yaƙub, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, kuma ba a kira shi mai raunin imani ba. Annabi Zakariyya ya roƙi zuriya har furfura ta cika masa kai, addu'arsa tana nan a Suratul Anbiya aya ta 89, ki riƙe ta a sujada. Ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura sun faɗa ƙarara cewa Allah ne ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya haɗa wa wanda Ya so, Ya bar wanda Ya so ba haihuwa. Babu inda aka ce hukunci ne a kan laifin wani. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma har yau al'umma na karatu a ƙarƙashin iliminta. Ban kawo ta don in ce ki fid da rai ba, sam, ke da ko binciken ba a gama miki ba. Na kawo ta ne don duk wanda ya auna darajarki da goyo, ki san ba daga addini ya samo ma'aunin ba. Neman magani kuma umarni ne na Manzon Allah, ba ya karo da tawakkali. Sai dai ki yi hattara da duk wanda zai ce miki aljani ne ya aure ki ko an yi miki asiri, sannan ya yanka miki kuɗi. Irin wannan yana ƙara miki tsoro ne a kan tsoro, yana kuma cinye watannin da ya kamata a yi bincike a cikinsu.

Kada ki jingine rayuwarki sai ciki ya zo. Idan akwai ƙarin karatu da kike so, ki cike takardar. Idan akwai sana'a ko haddar da kika ajiye, ki ɗauko. Yaran ajinki suna da malama a yau, kuma suna buƙatar ta da ƙarfinta.

Abu guda da ba na so ki ɗauke shi da wasa: rashin barci da rashin cin abincin da kika ambata. Idan ya kai sati biyu a jere kusan kullum kina cikin ƙunci, ba abin da ke miki daɗi, aikin makaranta na gagarar ki, ko kina jin ba ki da amfani, wannan ya wuce damuwar jira, ciwo ne mai magani, kuma ki faɗa wa likita da bakinki kamar yadda za ki faɗi ciwon mara. Akwai masu ba da shawara, akwai kuma magungunan da likita zai iya zaɓa wa mai neman ciki. Idan kuwa tunanin gara mutuwa ya taɓa gifta miki, ko na cutar da kanki, kada ki jira sati biyun. Ki gaya wa maigida ko mahaifiyarki a ranar, su kai ki asibiti a ranar.

A wannan satin ki yi magana da maigida, ki karɓi katin asibitin, ki rubuta ranakun al'adarki na wata shida da suka wuce da sunan duk abin da kika sha, ki tafi da su. Idan sakamakon ku biyun ya fito, ki sake rubuto min mu duba abin da ke gaba. Allah Ya ba ku zuriya ɗayyiba.